Kambin Furanni da Teburin Ubangiji

A ƙasar Polan, cikin Turai, watan Mayu ne yaran Ekklesiyar Katolika su kan ci Jibin Ubangiji na fari, yawancinsu masu shekara 9. Tun 1910 Paparoma Pius na 10 ya ba da umurni a karɓi yara suna wajen shekara 7, muddin sun iya rarrabe gurasar Jibi da abinci na kullum. Da yawa cikinmu ba haka mu ke yi ba, mu kan jira mutum ya girma, ya ba da shaida da bakinsa. Amma ba gardamar shekaru za mu yi yau ba.

Ran nan 'yan mata su kan shiga sujada da kambin furanni a ka. Ga yadda a ke yinsa. A kan auna kan yarinya da waya siririya, a lanƙwasa ta kamar gammo, a naɗe ta da ƙyalle domin kada ta yi mata rauni. Sa'an nan a yanka fararen furanni da ganyen wani ɗan itace mai ƙanshi da su ke kira mirt, a gajerta ƙarensu, a ɗaure su dami dami ƙanana. Mai saƙa ta kan ɗora dami ɗaya bisa wayar ta ɗaure, ta kawo na biyu ta kwantar da shi yadda furensa zai rufe tsirarar karan na fari, na uku kuma ya rufe na biyu. Haka har ta kewayo, ta cusa karan na ƙarshe ƙarƙashin furen na fari. Kadan ta iya aikinta, ba za ka ga kara ko ɗaya a buɗe ba. A yayyafa masa ruwa, a ajiye shi wuri mai sanyi har safiya.

Ya 'yan'uwa, mu dubi saƙar nan da kyau. Kowane dami yana da wurin da ba shi da kyan gani, kuma ba shi ne ke rufe kansa ba, maƙwabcinsa ne.

Wannan ne Korintiyawa suka kāsa yi. Cikin sura 11 ta wasiƙarsa ta fari, Manzo Bulus ya tsauta masu domin sa'anda suka taru, masu hali su kan ci nasu su ƙoshi, har wani ya bugu, wani kuwa yana zaune da yunwa. Ya ce sun raina ekklesiyar Allah, sun kunyata marasa abu, har ya ƙi kiran taronsu Jibin Ubangiji. A Polan ma gasar ado ta shiga ranar yaran nan, shi ya sa ekklesiyoyi da yawa can suka sa dukan yara su sa farar riga iri ɗaya, da 'yar attajiri da 'yar manomi. A ganinmu sun yi hikima.

Mu ba mu saƙa kambi, amma muna da namu: sabon zane, da takalmi, da girkin ranar baftisma. Ado ba zunubi ba ne, ranar murna ce. Sai dai wani lokaci yarinya ta gama ajin baftisma sarai, ranar ta zo ba a gan ta ba, aka ce ba ta da lafiya. Wanene ya je gidan ya duba? Watakila uwarta gwauruwa ce, zane ne babu, kunya kuwa ta hana ta faɗi.

Dattawan ekklesiya suna da sunayen 'yan aji a rubuce. Bari su ba matan zumunta biyu masu riƙon asiri tun da sauran wata guda, su zaga gidajen da yamma. Inda suka tarar da rashi, a kai zanen da dare, kada a yi sanarwarsa ran Lahadi.