Ɗalibi a Ƙetare da Yawon Ganin Gari

Tun daga 1917, sa'ad da Turawa suka mai da Kaduna mazaunin mulkin Arewa, har zuwa 1967 da aka karkasa Jihar Arewa, ta ofisoshin da ke arewacin kogin Kaduna ake bi da takardun yawancin samarin da Gwamnati ke aikawa ƙetare neman ilmi. Yau ma garin bai daina sallamar 'ya'yansa ba. Daga Unguwar Sarki, da Unguwar Rimi, da Kawo, da Malali, ana rakiyar ɗalibai zuwa Ingila, da Masar, da Indiya, da sauran ƙasashe, waɗansu da kuɗin hukuma, waɗansu da gumin iyaye. To, a game da waɗannan ɗalibai akwai wata tambaya wadda ta yi kama da ƙarama, amma in an tona sai a tarar tana da saiwa mai zurfi. Ita ce: ɗalibin da aka aika karatu wata ƙasa, in ƙarshen mako ya zo aka rufe makaranta, ya halatta ya ɗauki jakarsa ya hau jirgin ƙasa ya tafi wani gari kallo, ko kuwa yin haka cin amana ne?

Masu hanawa suna da hujja, kuma ba hujjar da za a raina ba ce. Suna cewa a fara duba inda kuɗin ya fito. A zamanin En'e, talaka ne ke kai wa mai unguwa harajinsa, mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya zuba a baitulmali, Gwamnati ta ɗebi nata kaso. Bafillace kuwa a ƙirga masa shanu ya biya jangali. Sau da yawa sai magidanci ya sayar da akuya, ko ya taɓa hatsin rumbu, kafin ya karɓi takardar shaidar biya. Daga irin waɗannan sulalla ne ake tara fam ɗin da ake biya wa ɗalibi jirgi, da ɗaki, da abinci. Gaskiya ne a 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, amma sokewar ba ta sake asalin maganar ba, domin dukiyar hukuma har gobe dukiyar jama'a ce, kuma uban da ya sayar da gona don ɗansa ya yi karatu bai fi mai akuya jin sauƙi ba. Saboda haka suka ce, yaron da aka aika kasuwa sayen gishiri, in ya tsaya kallon masu wasa da kura har miya ta ƙone, babu mai yaba masa don ya komo da labarin kura.

Suna da wani tsoro kuma wanda ya fi na kuɗi. A garin da ɗalibi ke karatu akwai idanun da suka san shi: malamansa, da abokan ajinsa, da 'yan ƙasarsu waɗanda ba za su rasa aika labari gida ba. Amma da zarar ya sauka a tashar garin da babu wanda ya san sunan ubansa, to, kunyar idon jama'a, wadda ita ce ke tsare mutane da yawa, ta faɗi. Mutanen Kaduna sun fi kowa sanin wannan, gama garinsu garin baƙi ne. Sun sha ganin saurayin da ba ya iya ɗaga ido gaban manya a Sakkwato ko Bidda, ya zo aikin ofis, kafin shekara ta kewayo ya zama wani daban, ba don an sake masa hali ba, sai don an ɗauke masa mai kallo. In haka ke faruwa a tafiyar kwana ɗaya daga gida, ina ga bayan teku?

Masu yarda kuma sukan ce ai ɗalibi ba jakin kaya ba ne. Ko a makarantar allo, inda ba a san wasa da karatu ba, ana sallamar yara Alhamis da Juma'a su huta, su yi wanki, su ziyarci dangi. Balle wanda ke zaune a ƙasar sanyi shi kaɗai cikin ɗaki, ba mai sallama, ba mai amsawa. Wannan magana gaskiya ce, sai dai ba ta kai ga raba gardama ba, domin mai hanawa yana iya cewa, in hutu ne kawai abin nema, ai kan gado ma ana hutawa, ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Kafin a yanke hukunci, kamata ya yi a koma baya a tambaya, shin mene ne aka aiki ɗalibin ya ɗebo? In da abin da ke cikin littattafai ne kaɗai ake bukata, da sai a sayo littattafan a zuba a jirgi a kawo, ya fi arha nesa. Abin da ya sa ake ɗaukar mutum ɗungum a kai shi, shi ne don akwai ilmin da ba ya shiga akwati, watau yadda mutanen wata ƙasa ke tafiyar da aikinsu, da kasuwarsu, da shari'arsu, da yadda suke rainon yaro da jinyar maras lafiya. Gani ya kori ji. Ashe ke nan ƙasar da kanta makaranta ce, ɗakin karatu kuwa aji ɗaya ne a cikinta.

Magabata sun gane haka. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya tafi Ingila tare da waɗansu 'yan jaridun Afirka ta Yamma, da ya komo bai ɓoye abin da ya gani ba, ya rubuta shi cikin littafin da ya kira Tafiya Mabuɗin Ilmi. A 1945 aka aika da waɗansu malaman makaranta na Arewa Jami'ar Landan koyon aikin malanta, cikinsu har da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1946 Malam Aminu Kano, wanda ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, ya bi sawu, kuma bayan komowarsa ya tsaya tsayin daka wajen kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa a 1948. Irin wannan tunani ba a kan allon aji ake rubuta shi ba. Sai mutum ya fita ya cuɗanya da jama'a, ya ga yadda masu sana'a ɗaya ke haɗa kai, sa'an nan ya zo masa.

Mai karatu ya ɗauki misalin ɗan manomin auduga da ke karatu a Landan cikin shekarun 1950. Tun yana yaro ya san ubansa na kai auduga ma'auna, ya san ana gurje ta a injunan Funtuwa, ko Gusau, ko Zariya, a ɗaure ta a loda wa jirgin ƙasa. Daga nan saninsa ya tsaya. Amma in ya hau jirgi ya yi tafiyar kusan mil 200 zuwa Mancesta, garin da aka kafa ƙungiyar Turawa masu bunƙasa noman auduga a 1902, ya zaga garuruwan masaƙu da ke kewaye da ita, sai ya ga ɗaya bakin igiyar. Ya ga inda ake mai da audugar ubansa akoko da atamfa, a komar masa da su ya saya da tsada. In ya zarce Libaful ya tsaya bakin teku, ya ga irin jiragen da ke sauke gyaɗar da aka tara dala dala a Kano. Wanda ya ga wannan da idonsa, ba sai an yi masa dogon bayani ba a kan dalilin da ya sa Gwamnatin Arewa ta haɗa kai da wani kamfanin Ingila ta buɗe masaƙa a Kakuri, ƙetaren kogin Kaduna, a 1957. Wa zai ce kuɗin jirgin wannan yaro hasara ne ga mai akuya?

Haka kuma ta wajen addini. Ɗalibin da ya fita daga Landan ya ziyarci masallacin Wokin, wanda aka gina tun 1889, ya yi sahu ɗaya da Ba'indiye da Balarabe da Bature, ya san faɗin Musulunci sanin da karatu kaɗai ba ya bayarwa. Malam Abubakar Gumi yana cikin ɗaliban da aka aika makarantar Bahtar Ruda ta ƙasar Sudan a 1954. Daga can ya ƙetara ya yi aikin haji a 1955, inda ya haɗu da Sardaunan Sakkwato, daga baya kuma ya zauna a Kaduna, ya zama Babban Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962. Tafiyarsa ta fi ta ƙarshen mako tsawo da daraja, amma tana nuna cewa ƙofar da ke buɗe wa ɗalibi wani lokaci a wajen harabar makaranta take.

Amma fa zuwa daban, gani daban. Ɗalibai biyu suna iya hawa jirgi ɗaya, su sauka a tasha ɗaya, su komo rana ɗaya. Ɗaya ya komo da tambayoyi: yaya aka yi ruwan famfon garin nan ba ya yankewa, wa ke kwashe shara, wa ke biyansa? Ɗayan kuwa ya komo da hotuna, da ciwon kai, da bashi. Bambancinsu tun daga gida ya faro. Yaron da ya girma a Kaduna yana wuce Gidan Arewa kullum, bai taɓa leƙawa ya ga inda Sardauna ya zauna da takardun tarihin da aka tara a ciki ba, da wuya gidan tarihin wata ƙasa ya ƙare shi da kome. Idon da bai saba tambaya a gida ba, ba zai fara a baƙon wuri ba.

Saboda haka hukuncin da ya fi kusa da adalci shi ne, tafiyar ba ta da laifi a kanta, har ma takan zama wajibi, muddin ta cika sharuɗɗa huɗu. Na farko, ɗalibi ya biya bashin karatu tukuna. In akwai aikin da malami ya bayar, ko jarrabawa ta ƙarato, to, Asabar da Lahadin nan ba nasa ba ne. Na biyu, kuɗin tafiyar ya fito daga abin da ya tsimi kansa ya rage cikin guzurinsa. Wanda ya ci bashi, ko ya aika gida da ƙaryar kuɗin littafi don ya tafi yawo, ya ci amana tun bai kai tasha ba. Na uku, ya san abin da ya tafi gani, ya kuma yi niyyar kawo shi gida, ko da a wasiƙa ne zuwa ga ƙanensa. Na huɗu, wanda shi ne gishirin sauran, ya zama tafiyar da zai iya ba da labarinta duka, daga fita har komowa, a gaban mahaifiyarsa, ba tare da ya tsallake sa'a guda ba. In akwai sa'ar da dole a ɓoye, to, ita ce ainihin dalilin tafiyar, sauran duk mayafi ne.

Wannan sharaɗi na huɗu shi ne amsar tsoron masu hanawa. Gaskiya ne garin da ba a san mutum ba yakan tona halinsa, amma tsare ɗalibi a ɗaki ba ya gyara halin, jinkirta bayyanarsa kawai yake yi. Wannan yaro dai wata rana za a ba shi makullin ma'aji, ko a sa shi bisa kujerar shari'a, ko a damƙa masa maras lafiya a ɗakin da babu mai leƙe. In kunyar ido ce kaɗai ke riƙe da shi, gara a sani tun da wuri. Wanda ya kwana biyu a garin baƙi da kuɗi a aljihunsa, ya yi sallarsa a kan lokaci, ya tsare mutuncinsa, ya komo, ya ci wata jarrabawa wadda babu jami'ar da ke ba da takardarta, ita ce kuwa ƙasa ta fi bukata.

Zamani ya sake, masaƙun Kakuri da yawa sun yi shiru, amma tambayar tana nan. Ɗalibin da ke Alƙahira yanzu, in hutun Juma'a da Asabar ya zo, yana iya tafiya Iskandariyya shan iskar teku, babu laifi. Yana kuma iya ratsewa Mahalla, garin masaƙun Masar, ya tambayi yadda aka yi nasu ke aiki alhali na garinsu sun tsaya. Duk inda ya nufa, ya tuna ba da idonsa kaɗai yake kallo ba. Akwai manomi, da makiyayi, da tsohuwa mai ƙosai, waɗanda ba za su taɓa ganin wuraren nan ba, su ne suka ara masa nasu idanu. Allah ya kai kowane mai neman ilmi lafiya, ya komo da shi da abin da zai amfani jama'a, amin.