Haƙƙin Ƙarfe da Haƙƙin Mutum

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai masu wata irin sha'awa wadda da yawanmu za mu ɗauka wauta ce. Mutum zai nemo injin babur wanda ya shekara hamsin, ya kai shi gareji, ya share shekara ɗaya ko biyu yana ƙera masa sabon jiki: firam, tanki, kujera, birki, salansa, wani da hannunsa, wani da hannun mai walda. Cikin injinan da suke nema kuwa akwai mai bugu biyu, musamman irin na Yamaha RD350 da aka yi daga 1973 zuwa 1975. Wannan aiki ya daɗe da raba masu son babur gida biyu, kuma a cikin gardamar tasu akwai tambayar da ta shafe mu duka: idan tsohon abu ya faɗo hannunmu, haƙƙin wa ke kanmu?

Ya kamata mai karatu ya fara sanin abin da ake rigima a kansa. A injin mota da na yawancin baburan yau, fistin kan yi tafiya huɗu, sauka da hawa, kafin fulogi ya kunna wuta sau ɗaya. A inji mai bugu biyu kuwa tafiya biyu ce kawai, wato duk juyi ɗaya sai wuta ta kama. Ba shi da bawul irin na mota, sai wasu ƙofofi a bangon silinda waɗanda fistin ke buɗewa da rufewa da jikinsa. Saboda haka ba shi da nauyi, kayan cikinsa kaɗan ne, ga shi da zafin nama. RD350 mai silinda biyu ne, cc 347, amma ƙarfin doki 39 gare shi, har yakan kunyata baburan da suka fi shi girma nesa. Mu ma ba baƙonmu ba ne. Vespa da aka fara yi a Italiya a 1946, wadda malaman makaranta da 'yan kasuwa suka daɗe suna hawa a Kano da Zariya, irin wannan inji ne a cikinta.

To, ɓangare na farko na masu gardama cewa suke yi tsohon babur amana ne. An daina yin irinsa, duk wanda aka yanka ya tafi ke nan, don haka wanda ya same shi aikinsa ya gyara shi ya koma yadda ya fito daga masana'anta, har launin fentinsa. A wurinsu, wanda ya cire inji ya yar da jiki ya rusa tarihi don ya burge abokai.

Wannan magana tana da nauyi, amma tana tsaye ne a kan kalmar asali, kuma kalmar nan tana da santsi. Fulutak, marubucin Girka, ya ba da labarin jirgin ruwan Tisiyas wanda mutanen Atina suka adana, duk katakon da ya ruɓe su sa sabo, har masana suka shiga jayayya ko jirgin nan shi ne na dā ko wani ne. Haka babur yake. Wanda ke cewa ya mayar da shi asalinsa ya sa sabon fistin, sabuwar taya, sabon fenti, sabuwar waya. Hukumar rajista a ƙasashe da yawa lambar firam take dubawa, a wurinta firam shi ne babur. Mai sha'awa kuwa ya ce inji ne ransa. Kowa da inda ya ajiye asalin.

Tarihin injin kansa ya fi wannan ba da mamaki. Bayan yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945, waɗanda suka ci Jamus da yaƙi sun ɗauki zanen wani ƙaramin babur na kamfanin DKW mai suna RT 125 a matsayin diyya. Daga shi Ingila ta fitar da BSA Bantam a 1948, Harley-Davidson ta Amurka ta fitar da nata a shekarar, Tarayyar Sobiyet ma ta yi nata. Babur na farko da Yamaha ta yi a 1955, YA-1, shi ma kwaikwayonsa ne. Haka kuma salansar nan mai kumburarren ciki kamar gora, wadda ke mayar da amon fashewa baya ya tura man da ya tsere ya koma cikin silinda, Walter Kaaden na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas ne ya gwanance a kanta. A 1961 matuƙinsa Ernst Degner ya tsere zuwa Yamma da sirrin a kansa, ya shiga Suzuki, a 1962 ya ci musu kambun duniya a tseren cc 50. Ashe abin da ake kira asali, gado ne da ya bi ta hannun ganima da aro da gudun hijira. Wanda ya ɗauke shi yau ya sa masa sabon jiki bai yi abin da magabatansa ba su yi ba.

Ban da haka, ba kowane tsohon jiki ne ya cancanci a yi masa kuka ba. Kawasaki H2 na 1972, mai silinda uku da cc 750, ƙarfin injinsa ya fi ƙarfin firam da birkinsa, har aka yi masa laƙabi da mai sa mata takaba. Wanda ya ba irin wannan inji firam mai ƙwari da birkin zamani, rai ya tsare. Bakaniken da ke shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ya haɗa injin wannan da jikin wancan don mai shi ya ci gaba da neman abinci, zai yi dariya idan aka ce masa ya ci amanar ƙarfe. A nan muna tare da mai ƙira. Ƙarfe ba ya jin ciwo.

Sai dai kuma duk ɓangarorin biyu akwai wanda suka manta da shi, wato mutumin da ke bayan salansa. Inji mai bugu biyu ba ya ajiye baƙin mai a ƙasansa ya yi ta zagayawa kamar na mota. Ana zuba man ne a cikin fetur, ko wani ɗan famfo ya riƙa ɗiga shi, ya shafi ƙarafa sannan ya ƙone tare da fetur ɗin. Kuma da yake ƙofar shiga da ta fita suna buɗe a lokaci ɗaya, wani kaso na man kan fice ɗanye bai ƙone ba. Wannan shi ne shuɗin hayaƙin nan. Ba lalacewa ba ce da gyara zai kawar, halittar injin ke nan. Duk wanda ya san shataletalen Kano da yamma kafin a hana acaɓa a 2013 saboda dalilin tsaro, ya san yadda ido ke yaji da maƙogwaro ke ɗaci. Dokokin hayaƙi ne suka kori wannan inji daga titunan ƙasashe da yawa, har Vespa PX aka daina yin ta a 2017.

Ɗan acaɓa yana da hanzari, domin abin da ƙarfinsa ya kai ya saya ke nan, kuma da shi yake ciyar da iyali. Mai sha'awa ba shi da wannan hanzari. Ya san komai, yana da zaɓi, ya zaɓi hayaƙin. Wasunsu ma har yabon ƙamshin man zurma suke yi idan yana ƙonewa. Masu iya magana sun ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a nan daɗin na mai hawa ne, zafin kuwa na mai talla da ke gefen titi ne, wadda ba a yi shawara da ita ba.

Zai ce babur ɗaya ne, ranar hutu kawai yake fitowa, kuma hayaƙinsa na shekara bai kai na wata tsohuwar tifa na mako ba. Mai yiwuwa gaskiya ne, kuma ba ma cikin masu cewa a haramta masa. Ƙanƙantar bashi tana sauƙaƙa biyansa, amma ba ta mayar da shi kyauta, kuma wannan hujja ta ni kaɗai ne ita ce a bakin kowane mai hayaƙi. Abin da muke jira mu gani shi ne ko haƙurin da ya yi na wata shida yana goge tanki zai yi irinsa wajen daidaita kafireta, da sayen man da bai cika hayaƙi ba, da kai baburinsa filin tsere maimakon cikin unguwa. Abin da ya faru a baya bai ba mu ƙarfin gwiwa sosai ba. A 1984 Yamaha ta kai RZ350 kasuwar Amurka da na'urar tace hayaƙi a cikin salansarsa, don ya cika sharaɗin doka. Da yawa daga cikin waɗanda suka saya, salansar nan suka fara kwancewa, suka ɗaura mai ƙara.