Duwatsun Murhu Uku: Amanar Mara Lafiya, Mai Jinya da Mai Bincike

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda Ya saukar da cuta da hikimarSa, Ya saukar da magani da rahamarSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta Annabi Muhammadu, likitan zukata, da alayensa da sahabbansa, da waliyyan Allah magadansa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, a ƙasar Adar da Gobir Tudu, wato gundumomin Keita da Buza da Madawa a jihar Tawa, damina tana zuwa da ni'ima da jarrabawa a tare. Ruwan da yake raya gero shi ne yake kwanciya a kwarin Majiya da kwarin Tarka, sauro ya hayayyafa a cikinsa. Daga watan Yuli zuwa Oktoba rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai shigo ba, zazzaɓin cizon sauro kuma yana bin gida-gida. Yaron da yunwa ta raunana, zazzaɓi ya fi saurin kayar da shi. Wanda zazzaɓi ya kayar kuwa sai ya ƙi abinci, ya faɗa cikin tamowa. A waɗannan watanni ne ɗakin yara na asibitin Madawa yake cika maƙil, kuma da yawa daga cikin yaran da ke kwance 'ya'yan ikhwani ne da jikokinsu. Don haka maganar lafiya magana ce ta zawiya.

Akwai mai ganin cewa cikar tawakkali ita ce mutum ya naɗe hannu ya jira abin da aka ƙaddara. Sahabbai ba haka suka fahimta ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Abbas cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya nufi Sham, sai aka tarye shi a Sarg da labarin annoba. Bai yanke hukunci shi kaɗai ba. Ya kira Muhajirai na farko ya shawarce su, suka saɓa. Ya kira Ansaru, su ma suka saɓa. Ya kira dattawan Ƙuraishawa, suka haɗu a kan a koma. Da Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne, Umar ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kai raƙumansa, da ƙaddarar Allah ya kai su. Sannan Abdurrahman ɗan Aufu ya iso da ilimin da ya ji daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na hana shiga ƙasar da annoba ta sauka da hana fita daga cikinta. A wannan zama an ji daga jagora, an ji daga jama'ar da abin ya shafa, an ji daga mai ilimi, sannan aka ɗauki mataki. Tukunyar lafiya ma a kan duwatsu uku take zama: mara lafiya da iyalinsa, ma'aikacin jinya, da mai bincike. In ɗaya ya goce, tukunya ta kife.

Malaman wannan yanki sun san haka tun da daɗewa. A Maratta, cikin jihar Tawa ta yau, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Ƙanensa Malam Abdullahi ya yi littafi kan maslahohin ɗan Adam da suka shafi addini da jiki, ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya wallafa littattafai kan cututtuka da magungunansu. Ba su ɗauki neman magani a matsayin abin da ke rage zikiri ba.

A watan Maris na 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wata hanya ta kare yaran Sahel daga zazzaɓin damina, bayan gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe irin su Senegal da Mali da Burkina Faso sun nuna tana hana kimanin kashi 75 cikin ɗari na kamuwa da cutar. Ana ba yaro mai wata 3 zuwa wata 59 magani iri biyu, wanda aka fi sani da Fansidar da kuma amodiyakin, sau ɗaya a wata har wata huɗu. A 2013 aka fara wannan aiki a Nijar, kuma Madawa da Buza suna cikin gundumomin farko, inda ma'aikatar kiwon lafiya ta yi aiki tare da ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF.

Ga inda amana take. Ma'aikaci yana ba yaro maganin ranar farko a gaban idonsa, sannan ya danƙa wa uwa ƙwayoyin rana ta biyu da ta uku, ya wuce gida na gaba. Ilimin da masana suka shafe shekaru suna tarawa, da kuɗin da aka kashe, da tafiyar da ma'aikaci ya yi cikin taɓo, duk sun tsaya a tafin hannun wannan mata. In ta ba yaron, kariya ta cika. In ta ajiye ƙwayar a cikin kwalla don wata rana, ko ta raba wa ɗan maƙwabciya, yaron ya samu rabin garkuwa, kuma ƙwayar cutar tana iya sabawa da maganin har ya rage amfani ga kowa.

Ɗan ɗariƙa ya fi kowa sanin ma'anar lazimtar abu. Ya ɗauki alkawarin lazimi safe da yamma har ƙarshen rai, in ya kuɓuce masa ya rama. Wanda Allah Ya ba ikon riƙe wannan, kwana uku a wata har wata huɗu, kwana goma sha biyu ke nan a shekara, ba za su gagare shi ba. Kuma nauyin ba na uwa ba ne ita kaɗai. Maigida makiyayi ne, za a tambaye shi game da abin kiwonsa. Wanda yake tashi da asuba ya tafi gona, ya tambaya kafin ya fita ko yaro ya sha maganinsa.

Bayan rabon magani, masu bincike sukan zagayo su tambayi iyaye ko an ba yaro ƙwayoyin duka, ko ya yi amai, ko ya samu wata matsala. A nan kunya takan sa mace ta ce an ba shi alhali ba a ba shi ba. Tana ganin ƙaramar magana ce ta sallami baƙo, amma wannan amsa ita ake tarawa a rubuce a kai Yamai, a gina tsarin shekara mai zuwa a kanta. Ƙaryar kunya ta gida ɗari tana iya sa a ɗauka magani ya gaza alhali ba a sha ba ne. Gaskiyar iyaye kuwa ta riga ta haifar da alheri: ɗacin amodiyakin da aman da yake sa yara suna cikin abin da ya sa aka samar da irin da ke narkewa a ruwa mai ɗan zaƙi. Mashayikhai sun koyar da cewa muridin da ya ɓoye wa shehinsa halin zuciyarsa kansa ya cuta, domin ba a maganin ciwon da aka rufe. Ladabin gaban likita ma haka yake. A faɗi kwana nawa yaro ya yi da zafin jiki, da jiƙon da ya sha, da ƙwayar da aka saya a tebur, da ko wanzami ya taɓa shi. Addu'a da tofi suna tafiya tare da mara lafiya har gadon asibiti, ba su taɓa zama dalilin jinkirta shi a gida ba.

Uwa ma tana da ilimin da likita ba shi da shi, domin ita ke kwana da yaron. A gundumar Mirya ta jihar Damagaram, tsakanin 2013 da 2014, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa iyaye mata auna damtsen yara da ɗan zare mai launi uku: kore lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuma, wato ƙasa da milimita 115, tamowa mai tsanani. Binciken ya nuna matan da yawancinsu ba su yi boko ba suna gano cutar kamar yadda ma'aikatan ƙauye suke ganowa, yaransu suna zuwa likita da wuri, waɗanda ake kwantarwa kuma sun ragu. Daga nan hanyar ta bazu zuwa sauran jihohin Nijar da ƙasashe da dama. Masana sun saurari uwa, suka amince mata, sai Allah Ya sa albarka.

Amana tana kan mai bincike shi ma, kuma tasa ta fi nauyi, domin ya san abin da mara lafiya bai sani ba. Mutanen ƙasar Hausa ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau a Kano, inda kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya shafi yara kimanin 200, goma sha ɗaya suka rasu, iyaye suka ce ba a bayyana musu gwaji ake yi ba. Shari'a ta ja har 2009 kafin a yi sulhu da gwamnatin Kano. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama, yaran da ba su ji ba ba su gani ba suka shanye. A Madarumfa ta jihar Maradi kuwa, daga 2014, cibiyar Epicentre da MSF da ma'aikatar kiwon lafiya sun gwada rigakafin gudawar jarirai mai jure zafi a kan jarirai kimanin 3,500 da iznin iyayensu. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna yana hana kusan kashi 67 cikin ɗari na gudawa mai tsanani irin wadda ƙwayar rota ke jawowa, a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Ladar wannan tana kan iyayen da suka yarda bisa sani. Saboda haka haƙƙin mutanen Buza da Keita da Madawa ne, duk wanda ya zo da bincike ya yi musu bayani da Hausa ko Tamashek, ya faɗi amfani da haɗari, ya bar wanda ya ƙi ba tare da an hana shi magani ba, kuma ya dawo ya gaya musu abin da aka gano. Tambayar waɗannan abubuwa ba rashin ladabi ba ne.

Dutse na uku shi ne ma'aikacin jinya. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, amma masana na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun nuna yadda jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu yake jawo ƙarewar magani, kamar yadda suka yi rubutu kan mummunar tarbar da marasa lafiya ke gamuwa da ita. Mai jinya yana aiki cikin ƙunci, yana da haƙƙin a yi masa uzuri da addu'a. Shi kuma ya tuna cewa matar da ta taho daga ƙauye da ƙafa ko a amalanke, da yaro a goye, tsawa ɗaya tana iya hana ta dawowa har abada. Ya tuna hadisin ƙudusi da Muslim ya ruwaito, inda Allah Yake zargin bawa ranar ƙiyama a kan barin gaida mara lafiya, Yana sanar da shi cewa da ya je da ya sami Ubangijinsa a wurinsa. Masu neman kusanci suna kwana suna tsaiwa don su sami abin da aka ajiye a gefen gadon mara lafiya. Ɗan ɗariƙa da Allah Ya ba aikin asibiti, halwarsa tana nan inda yake aiki, kuma maganin kyauta da ya sayar wuta ce ya ɗiba.

Zawiya tana da abin da babu wani asibiti da yake da shi: jama'ar da ke haɗuwa kullum don wazifa, da kowace Juma'a da yamma don zikiri, kuma suna jin maganar muƙaddaminsu. In lokacin rabon magani ya ƙarato, muƙaddami ya sanar bayan wazifa. In jita-jita ta taso, ya gayyato shugaban likitar garin ya amsa tambayoyi a gaban jama'a, maimakon a bar magana tana yawo a waya. Malamai mata da ke karantar da 'yan'uwansu su koyi awon damtse su koyar. Dattawan ikhwani su shiga kwamitin kula da asibitin garinsu, su kai kukan marasa lafiya da ladabi, su tsaya a kan lissafi. Matasan da ke hidima a Maulidi su san cewa zazzaɓi mai tsanani yana shanye jinin yaro, kuma a watannin damina ana neman masu ba da jini. Leda ɗaya ta jini hidima ce da ba ta da riya, domin mai bayarwa sau da yawa bai san wanda ya amfana ba.

Mutanen Keita sun riga sun ga abin da gayya take yi. Daga 1984, bayan fari, masana daga waje da ma'aikatan gwamnati da mutanen ƙauye, yawancinsu mata, suka haɗu suna jera duwatsu suna haƙa ramuka a kan tsaunuka, har ƙasar da ta mutu ta sake fitar da itace. Babu ɗaya daga cikinsu da zai iya shi kaɗai. Allah Ya yi umarni a farkon Suratul Ma'ida da taimakon juna a kan alheri da taƙawa, kuma a cikin surar Ya kwatanta raya rai guda da raya mutane baki ɗaya.

Allah Ya ba marasa lafiyar musulmi sauƙi, Ya jiƙan yaran da suka riga iyayensu, Ya sa su zama masu ceto a gare su. Allah Ya ƙarfafi masu jinya, Ya shiryar da masu bincike zuwa ga ilimi mai amfani, Ya ba iyaye gaskiya da juriya, Ya sa ikhwani su zama mabuɗan alheri a garuruwansu, albarkar Annabin rahama, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi da alayensa da sahabbansa. Amin.