Wa Ke Da Makaranta?

Mai karatu, makarantar da ta yaye ka, ta wace ce? A 2006 ministar ilimi Oby Ezekwesili ta so miƙa ragamar makarantun haɗin kai 102, har da na Zuru da Birnin Yauri, ga 'yan kasuwa. Tsofaffin ɗalibai da malamai suka ce atafau ba su yarda ba, gwamnatin 'Yar'aduwa ta janye shirin.

Sun yi daidai. Ɗan kasuwa riba yake nema, kamar furodusa. Ranar da kuɗin makaranta ya hau, ɗan manomin Bena ne zai fara komawa gida.

Amma fa hana sayarwa daban, gyara daban. In makarantar taka ce, to rufin ajin da ke yoyo ma naka ne. Nawa ka bayar?