Wa Ya Sassaƙa Dutsen Kufena?

A shekarun da na yi ina koyar da labarin ƙasa a Zariya, da wuya a yi zangon da wani ɗalibi bai ɗaga hannu ya yi wannan tambaya ba: "Malam, kun ce ruwa da rana ne suka sassaƙa duwatsu, a Islamiyya kuma an ce mana Allah ne ya kafa su. To wanne za mu ɗauka?" Ba tsaurin ido ba ne, tambaya ce da ta girmi yaron, ta girme ni.

Wanda ya hau dutsen Kufena da ke Zariya ya duba ƙarƙashin ƙafarsa zai ga dutsen yana ɓamɓarewa falle-falle. In ka ƙwanƙwasa wani wurin sai ka ji amo, alamar fallen ya riga ya rabu da jikin dutsen, lokaci kawai yake jira. A gindinsa kuma akwai ruɓaɓɓen dutse, wanda za ka murza a tafin hannu ya wargaje. Ƙwayoyi masu tauri da suka rage a hannunka su ne yashin da ake ɗiba a rafi. Masu laushin, waɗanda ruwa ya ci ƙarfinsu, su ne ke zama yumɓun da ake gina tukwane da shi.

Wannan dutse narkakke ne da ya daskare can cikin ƙasa fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce. Ruwan sama ya yi ta bin tsagogi yana ruɓar da abin da ke kewaye da shi, rafuka suka kwashe ruɓaɓɓen, wurin da ya fi ƙarancin tsaga ya rage a tsaye. Ke nan Kufena bai tsiro ba, ƙasar da ke gefensa ce ta zaizaye ta bar shi.

Wasu na ɗauka irin wannan bayani boko ne ya kawo shi. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi magana a littafinsa Ash-Shifa cewa dutse kan samu ta hanyar girgiza da ke ɗaga ƙasa, ko kuma ruwa da iska su cinye mai laushi su bar mai tauri. Muhawarar malaman Musulunci ba a kan ko ruwa na tare da zaizaya ba ce, kowa ya ga haka. Abin da suka yi gardama a kai shi ne wane ne mai aikatawa. Imam Gazali, da ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga: abin da ido ya shaida shi ne ƙonewa ta faru a lokacin haɗuwarsu, ido bai shaida cewa wutar ce ta halicci ƙonewar ba. Ibn Rushd ya mayar masa da martani cewa musun sababi rushe ilimi ne gaba ɗaya. Littattafan tauhidi na Shehu Sanusi, da ake karantawa a zaurukanmu, sun bi sahun Gazali, suka ce alaƙar sababi da abin da ke biyo shi al'ada ce da Allah ya gudanar, ya ga dama ya keta ta.

Ni a nan na tsaya, amma da sharaɗin a ɗauki maganar har ƙarshenta. In Allah ne ya gudanar da al'adar cewa ruwa mai gudu na yanka ƙasa mai laushi, to sanin wannan al'ada sanin aikinsa ne, kuma wanda ya yi biris da ita ba imani ya fi kowa ba. Gazali bai taɓa cewa a sa auduga kusa da wuta a tafi barci ba.

A Gombe ne na ga inda wannan tambaya ke cin gidaje. Garin yana zaune kan ƙasa mai yashi-yashi, kwazazzabai sun ratsa unguwanni. Na tsaya a bakin wani, ga rabin ɗaki a sama da labulensa, sauran rabin yana can ƙasa. Mai gidan ya ce mini, "Malam, haka Allah ya so." Gaskiya ya faɗa, kuma ba na ƙin kalmar da ke riƙe zuciyar mutum ranar asara. Sai dai da na bi kwarin zuwa sama, na tarar da rufin kwano jere, kowanne yana zubo ruwansa kan hanya, an sare itatuwa, an yi kwalbati an sake bakinsa kan ƙasa tsirara, ga sawun tifa ta masu ɗibar yashi. Ruwan da a da yake nutsewa a gona, yanzu a dunƙule yake zuwa. Ramin da ya kamata ya ɗauki zamanai sai ya buɗe cikin damina kaɗan.

Babu wanda za a tambaya ranar gobe don me Kufena ke ɓamɓarewa, domin ba hannun kowa a ciki. Kwazazzabon unguwa kuwa da hannunmu: wanda ya yanka fili a kan hanyar ruwa ya sayar, da wanda ya karɓi kwangilar magudana ya tsaya a rabi, da wanda ya toshe lambatu da shara. Ƙaddara ta'aziyya ce ga wanda ɗakinsa ya rufta. Ba ta zama hujja ga wanda ya karkato masa da ruwan.