Son Maso Wani: Dariya Ce Ko Abin Tausayi?

'Yan'uwana mata, na san wata za ta ce mene ne haɗin matar aure da wasan kwamfuta? Ki dai yi haƙuri ki ji ni.

Kwanakin baya ina gidanmu sai na tarar da ƙanena yana buga wani tsohon wasa a kwamfuta, yana ta ƙyaƙyata dariya shi kaɗai. Na ce, "Kai kuma lafiya?" Ya ce, "Yaya, zauna ki ga wawaye." Sunan wasan Beavis and Butt-Head in Virtual Stupidity, ya fito a 1995. An ɗauko shi ne daga wani katun na Amurka da Mike Judge ya ƙirƙira, tashar MTV ta fara nuna shi a 1993. Kada ki ji katun ki ɗauka na yara ne. Don manya aka yi shi, cike yake da batsa da rashin kunya.

Labarin samari biyu ne 'yan makarantar sakandare a wani garin ƙirƙira mai suna Highland. Ba karatu, ba tarbiyya, sai kallon talabijin da wata dariya mara dalili. A cikin wasan, ke ce za ki riƙa nuna musu abu kina dannawa, ki fitar da su daga aji, ki hau da su rufin makaranta su yi ta tofa wa mutane majina. Duk wannan wahalar kuma buri ɗaya ne, su samu shiga gungun wani ɗan daba mai suna Todd. Shi kuwa Todd ɗin ba ya ƙaunarsu ko kaɗan, zagi da duka ne tsakaninsa da su. Amma a idonsu babu gwarzo kamarsa.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi dariya. Da na koma gida kuma sai abin ya tsaya mini a rai. Shin daidai ne a yi wa wawa dariya? Wani zai ce ai madubi ne, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Wani kuma zai ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Har a Amurka an yi wannan gardamar. A 1993 wani yaro ɗan shekara 5 a jihar Ohayo ya cinna wuta a gidansu, ƙanwarsa ta rasu, uwar ta ɗora wa katun ɗin laifi. MTV ta mayar da shi can cikin dare, ta cire zancen wuta daga ciki.

Ni dai abin da ya fi damuna daban ne. Duk tsawon kallona ban ga uwar ko ɗayansu ba, ban ga uba ba. Babu mai tambayar sun ci ko ba su ci ba, babu mai ce musu bari. Yaron da bai samu wanda zai kalla ya yi koyi da shi a gida ba, to zai nemo a waje, ko da mai dukansa ne. Wautarsu ke ba mu dariya, amma a ƙarƙashinta maraici ne, alhali iyayen suna raye.

Mu ma kada mu yi saurin dariya. Sau nawa mace ke zubar da mutuncinta, ta ci bashi, ta yi ankon da ya fi ƙarfinta, don kawai ta shiga sahun wasu ƙawaye da ke yi da ita in ta juya baya? Son maso wani ai ƙoshin wahala ne.

Don haka ban hana ki dariya ba, 'yar'uwa. Amma in kin gama, ki leƙa ki ga wa ɗanki ya ɗauka gwarzo, kuma me ya sa ba a gida ya same shi ba.