Abin Da Ya Ɓace Sai An Kabbara Yake Fitowa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a cikin al'amuran yau da kullum akwai waɗansu 'yan ƙananan abubuwa masu ban mamaki, waɗanda mutane suka saba da su har suka daina ganin mamakinsu. Ga ɗaya daga ciki. Mutum ya ɓatar da makullin shagonsa tun da hantsi. Ya zazzage aljihu, ya ɗaga tabarma, ya tuhumi yara, har ya yi wa uwargida faɗa, makulli ya ce ɗauke ni inda ka ajiye ni. Azahar ta yi, ya yi alwala ya shiga sahu. Ana yin kabbarar harama, kafin ya kai ƙarshen Fatiha, sai ga makulli a gaban idon zuciyarsa, rataye a ƙusar bayan ƙofa inda shi da kansa ya rataye shi.

Ba shi kaɗai ba ne. A cikin ruku'u tela kan tuna wanda ya karɓi aron almakashinsa. A cikin sujada ɗan kasuwa kan gano inda lissafin jiya ya karkace. Mace kuwa tana zaman tahiya take tuna ba ta sa wa miya gishiri ba. Akan ba da irin wannan labari a wurin hira a yi dariya, a wuce. Amma ruwa ba ya tsami banza.

Wannan abu ba yau ya fara ba. Malaman tarihi sun kawo hikayar wani mutum da ya je wurin Imamu Abu Hanifa, babban malamin Kufa wanda ya rasu a Bagadaza shekara ta 150 bayan hijira. Mutumin ya ce ya binne kuɗinsa ya manta wurin. Malam ya nuna masa wannan ba mas'alar fiƙihu ba ce, amma ya je ya raya daren nan da salla. Bai yi nisa da sallar ba sai ya tuna wurin. Da gari ya waye ya zo da godiya, sai Abu Hanifa ya ce dama ya san Shaiɗan ba zai bar shi ya cika daren yana ibada ba, ya kuma tambaye shi me ya hana shi ƙarasa daren don gode wa Allah.

Hikayar nan tana da tushe a hadisi. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana yadda Shaiɗan yake gudu idan an yi kiran salla, ya komo idan an gama, ya sake gudu idan an yi iƙama, sa'an nan ya komo ya shiga tsakanin mutum da zuciyarsa, yana tuna masa abubuwan da a da bai tuna ba, har mutum ya rasa sanin raka'a nawa ya yi. To, lalle ba don ƙauna Shaiɗan yake nuna wa mutum makullinsa ba. Ciniki ne yake yi: ya ba da ɗan ƙarfe, ya karɓi salla.

Sai dai bai kamata a ɗora wa Shaiɗan laifin duka ba, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwan randa idan ana ta motsa shi ba a ganin abin da ke ƙasa, sai ya kwanta. Haka zuciya take. Mutumin da tun asuba yake cikin hayaniya, daga kasuwa sai hira, daga hira sai wayar hannu, ba shi da wani lokacin da zuciyarsa take kwanciya in ban da 'yan mintocin salla. Don haka duk abin da ya nutse a cikinta tun safe, a nan yake bayyana. Watau abin da mutum yake tunawa a cikin sallarsa shaida ne a kan abin da ya cika masa rai a wajenta.

A nan sai mai karatu ya dubi abin da shugaban halitta ya taɓa tunawa. Buhari ya ruwaito daga Uƙbatu ɗan Harisu cewa ya yi sallar La'asar a bayan Annabi a Madina. Ana sallamewa sai Annabi ya miƙe da gaggawa ya shiga ɗakin ɗaya daga cikin matansa, har jama'a suka firgita. Da ya fito ya ga mamakinsu, sai ya sanar da su cewa ya tuna da wani ɗan zinariya da ke gidan, bai so ya shagaltar da shi ba, shi ya sa ya yi umurni a rabar da shi. Shi haƙƙin mabukata ya tuna, bai kuwa bar shi ya kwana ba. Mai karatu ya tambayi kansa: nawa ne masu tuna bashin da suke bi a cikin salla, nawa ne kuma masu tuna bashin da ake bin su?

Abin da ke cikin hatsari a nan ba ƙarami ba ne. Salla ce farkon abin da za a yi wa bawa hisabi a kansa ranar alƙiyama. A farkon Suratul Muminuna, tsoron Allah da natsuwa a cikin salla su ne siffar farko da aka ambata ta muminai masu rabauta. Abu Dawuda kuma ya ruwaito daga Ammaru ɗan Yasiru cewa mutum yakan idar da salla ba a rubuta masa komai daga ladanta ba sai kashi ɗaya cikin goma, ko cikin tara, ko cikin takwas, haka dai har zuwa rabi. Wane ɗan kasuwa ne zai yarda a biya shi ushirin kuɗin kayansa sau biyar kowace rana, ya tafi gida yana dariya?

Shari'a kuwa ba ta bar mutum ba magani. Na farko, ya kawar da abin da zai ɗauke masa hankali tun kafin ya kabbara. Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha hani ga yin salla alhali an ajiye abinci, ko mutum yana matse da fitsari ko bayan gida. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo cewa Annabi ya mayar wa Abu Jahmi wani tufafi mai zane domin zanen ya ɗauki idonsa a cikin salla. Idan zanen tufa ya isa a raba shi da wurin salla, ina ga wayar da ke ruri a aljihu a tsakiyar sahu?

Na biyu, neman tsari. Usmanu ɗan Abul Asi ya kai kukan irin wannan wasuwasi, Annabi ya umurce shi da ya nemi tsarin Allah, ya yi tofi sau uku ta hagunsa. Ya aikata, Allah kuwa Ya yaye masa.

Na uku, gyara bayan an yi rafkanuwa. A mazhabar Malikiyya, wanda ya yi kokwanto ko raka'a uku ya yi ko huɗu, sai ya yi gini a kan uku, ya kawo ɗaya, ya yi sujadar ba'adi. Wanda kuwa kokwanto ya aure shi, kullum sai ya zo masa, to ya yi watsi da shi kada ya ƙara komai, ba'adi kawai zai yi. Wannan sassauci ne daga Allah, domin ba a ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Abin nema shi ne, duk sa'ad da zuciya ta fita, mutum ya komo da ita, ko da sau goma ne a raka'a guda.

Saboda haka, wanda ya tuna makullinsa a cikin salla ya bar shi a ƙusarsa, ba inda za shi kafin a sallame. Wanda kuwa ya tuna amanar wani, ko bashin da ya yi ta ja, ko faɗan da ya yi wa iyalinsa da safe ba da haƙƙi ba, to yana sallamewa ya nufi can kafin ya nufi shago.

Allah Ya ba da natsuwa a cikin salla, Ya karɓi ibadun Musulmi, Ya sa a gama lafiya. Amin.